Autar Inna Senah

Hairani tana da wata bakwai a duniya uwarta, wato ƙanwata Rohyatun, ta ajiye ta a cinyar Innarmu ta hau jirgin ruwa zuwa Malesiya neman aiki. Uban kuwa tun ana goyon ciki ya ce zai je tsibirin Kalimantan aikin gonar kwakwar manja, ya dawo kafin girbin taba. Har yau muna ta girbe taba ba mu gan shi ba. Aurensu ma na tsakar gida ne, liman da shaidu da kaza guda, babu wanda ya kai maganar ofis.

Da aka zo yi wa yarinya takardar haihuwa, magatakardan ƙauyenmu na lokacin, Allah ya jiƙansa, ya ce shi dai a ƙauyen da yake aiki ba za a bar gurbin uba fayau ba. Sai ya rubuta Innarmu Senah a matsayin uwa, ya rubuta Babanmu a matsayin uba. Babanmu a lokacin shekararsa biyu a kabari. Kowa a ƙauye ya san haka, ita ma Hairani ta sani, kuma babu wanda abin ya hana cin shinkafarsa.

Mu uku muka yi riƙonta. A ɗakin Inna take kwana, a gidana take cin abinci tare da 'ya'yana huɗu, ƙanina Sahrim kuma shi ke kai ta makaranta a babur, ita a baya, kejin tsuntsunsa a gaba. Sahrim ya haura arba'in bai yi aure ba. Ya ce tsuntsun gasar kuka ba ya son hayaniyar mace.

Hairani na da shekara tara Rohyatun ta kira mu daga kicin ɗin gidan abincin da take wanke-wanke a Johor, can Malesiya. Takardunta na zama sun ƙare da daɗewa, in ta fito ba ta komawa, shi ya sa ba ta taɓa zuwa gida ba. Ta ce uwar ɗakinta ta yarda yarinya ta zo hutun makaranta, wani maƙwabcinmu da zai koma aiki zai raka ta. Abin da ya rage fasfo.

Muka ɗauki Inna da Hairani muka tafi birni. Ma'aikacin fasfo yaro ne mai ladabi, da gilashi. Ya karɓi takardu ya duba, ya dubi Inna, ya sake duba takardu. Ya yi lissafi da yatsu, bai yarda da yatsun ba ya ɗauko waya ya sake yi.

Ya ce, "Kaka, ina uwar yarinyar?"

Wallahi na ga bakin Inna ya buɗe zai faɗi gaskiya. Amma yaron ya riga ta.

"Don a nan an rubuta ke kika haife ta, kina da shekara sittin da uku."

Wata ma'aikaciya a teburin gefe ta tura fuska cikin mayafi tana dariya, kafaɗunta na rawa. Innarmu kuwa za ta yafe maka in ka taka ta, za ta yafe in ka cinye mata kaza, amma ba ta yafe dariya. Ta gyara zama, ta matsar da ganyen sirih ɗin da take taunawa kamar goro zuwa ɗaya kumatun.

Ta ce, "To, sai aka yi yaya?"

"Kuma mijinki ya rasu shekara biyu kafin haihuwar."

"Allah ya jiƙansa. Mutum ne da ba ya barin aiki rabi."

Na taka mata ƙafa, ta janye ƙafar ta taka tawa. Ta tambayi yaron ko a makarantar da ya yi ba a koya musu labarin Saratu matar Annabi Ibrahim ba. Ya ce an koya musu, amma ita Saratu mijinta yana raye. Ya tattara takardun ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce ba zai iya ba, mu je kotu a gyara, sannan wanda doka ta ba ikon yarinyar ya zo ya sa hannu.

Aka nuna mana ofishin lauyoyin da ke taimakon talakawa, a bayan kasuwa, saman shagon wani mai ɗinkin katifa. Lauyar sunanta Ningsih, 'yar siririya, ba ta ɗaga murya. Ta saurare mu har ƙarshe, ta sha ruwa, sannan ta ce hanya uku ce ga dangin da ke riƙon ɗan ɗan'uwansu. Ta farko mu bar yarinyar a katin iyalin gida a matsayin 'yar dangi. Wannan ya isa makaranta da asibitin unguwa, amma ba ya kai mutum bakin jirgi. Ta biyu ɗayanmu ya ɗauke ta ta zama 'yarsa a gaban hukuma. Ta uku kotu ta naɗa ɗayanmu waliyyinta, uwa tana nan a matsayinta na uwa, amma sa hannu ya koma wurin waliyyi.

Na ce, "Ta biyun nan fa?"

Ta dubi Inna ta ce shekarunta sun wuce. Ta dube ni ta ce 'ya'yana sun yi yawa. Ta dubi Sahrim, wanda ke kallon bidiyon tsuntsu a waya, ta ce shi ba shi da mata.

Sahrim ya ɗago kai. "Mata kawai?"

"Mata, kuma sai auren ya shekara biyar."

"To ai shekara biyar ba ta fara ƙirguwa sai an fara ta."

Lauya Ningsih ta ce mu bar wannan tukuna, domin duk hanyar da za mu bi akwai dutse a bakinta. Ba a naɗa wa yaro waliyyi alhali uwarsa na zaune lafiya lau tana tauna sirih. A takarda Hairani ba ta rasa uwa ba, ga ta nan. Sai kotu ta fara cire Inna daga uwa, sannan a yi maganar sauran.

Inna ta ce, "A cire wa?"

"Ke, Kaka. Za ki je ki faɗa wa alƙali ba ke kika haife ta ba."

"Ke kina wurin?"

Muka koma gida a keken doki, babu mai magana sai dokin.

Kafin mako ya zagayo labari ya gama ƙauye, ya tsallaka rafi. Mutanen da suka ga Rohyatun da cikinta da idanunsu suka fara cewa su dai ba za su rantse ba, abin da daɗewa. Wata mata daga gindin dutse, shekararta goma sha ba haihuwa, ta zo da ayaba nono guda ta durƙusa a rumfar tsakar gidanmu tana neman sirri. Inna ta dube ta sama da ƙasa, ta ce ta riƙa shan ruwan dafaffen alayyafon rafi kuma ta daina yi wa mijinta tsawa. Bayanta wasu suka biyo. Inna ta fara tuna abubuwa. Ta tuna cikin Hairani ya sa ta kwaɗayin ɗanyen mangwaro. Ta tuna ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

Na ce, "Inna, takalmin Rohyatun ne ya ƙi shiga. Ni na ara mata nawa."

"Rumisah, ke tun kina ƙarama ba kya son a yabi wani."

Ita ma Hairani ba a bar ta a baya ba. Ta zauna ta yi nazarin lamarin, ta gano cewa in dai Kaka uwarta ce, to ni yayarta ce, 'ya'yana kuma 'ya'yanta ne. Rannan ina tuƙa miya ta leƙo kicin ta ce, "Yaya Rumisah, gishirin jiya ya yi yawa." Babban ɗana, wanda ya girme ta da shekara shida har gashin baki ya fara fito masa, ta ce daga yau Anti zai riƙa ce mata, kuma ya ɗebo mata ruwan wanka. Ya kawo ƙara wurin Inna. Inna ta ce ya ji kunya, ƙato da shi yana musu da ƙanwar uwarsa.

Ana cikin wannan Sahrim ya ɓace kwana biyu. Ashe maganar lauya ce ta zauna masa. Akwai wata bazawara, Mahnim, mai soya ayaba a bakin makarantar su Hairani, wadda ya shekara yana sayen ayabarta bai taɓa ce mata komai ba sai "ƙara yaji". Ya je ya gaya mata yana bukatar mata saboda wata shari'a. Ta ce ta ji dalilan aure da suka fi wannan muni. A wurinmu ba a zuwa neman aure hannu na dukan cinya, sai ka sace amarya ka ɓoye ta gidan dangi sannan a aika wa iyayenta. Mahnim ta ce ta yarda a sace ta, amma ba ta barin kaskonta. Haka rabin ƙauye suka ga satar, Sahrim na tuƙi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, amarya a baya ta rungume kasko da murhun gas, tana gaida mutane.

Bayan biki na tuna masa cewa kafin aurensa ya shekara biyar Hairani ta kusa gama ƙaramar sakandare. Ya ce shi dai ya yi nasa. Tsuntsun ya daina kuka kwata-kwata, amma Sahrim ya yi ƙiba.

Ranar shiga kotu Inna ta sa zanenta na zuwa biki. Alƙalin dattijo ne mai fama da mura, gabansa kwalin tishu da kofin shayin citta. Aka fara kiran ungozomar ƙauyenmu, Inna Jumenep, wadda ta karɓi haihuwar duk wanda ke cikin ɗakin in ban da Innarmu da alƙali da lauya. Kunnenta ya yi nauyi.

Alƙali ya ce, "Ke kika karɓi haihuwar wannan yarinya?"

"Ni ce."

"Wa ya haife ta?"

"A gidan Senah."

"Na ji a gidan Senah. Wace mace ce ta haife ta?"

"Senah ai jaruma ce, ranka ya daɗe. Ko uhum ba ta cewa. Tana gamawa ta tashi ta ɗora ruwa."

Innarmu ta juyo ta dube ni, ta ɗaga gira. Lauya Ningsih ta matsa kusa da kunnen tsohuwar ta yi ihu, karon farko da na ji muryarta sama. Aka daɗe ana fama kafin a gane haihuwar Sahrim take ba da labari.

Sai aka kira Rohyatun a waya. Ta ɓuya a ɗakin ajiyar albasa don kada uwar ɗakinta ta gan ta, fuskarta rabi a duhu. Ta ce ita ta haifi Hairani, ranar wata Laraba ana ruwan sama, kuma yarinyar na da baƙin tabo a bayan kunnen hagu. Aka duba, ga tabo. Inna ta ce ita ma ta san da tabon, ita da ke wanke shi kullum. Daga can aka ƙwala wa Rohyatun kira, wayar ta faɗa cikin buhu, muka yi ta kallon albasa har layin ya yanke.

Alƙali ya fyace hanci. Ya ce laifin rubuta abin da bai faru ba babba ne, amma tunda mai alƙalamin ya riga mu gidan gaskiya, can za a tambaye shi. Sannan ya cire gilashi ya dubi Inna.

"Iya, ni ma kakata ce ta raine ni. Ki gaya mini, me kike tsoro?"

Inna ta sunkuyar da kai. Ta zuba wa hannayenta ido.

"In kuka goge ni da marigayi, me za ku rubuta a wurin uba?"

"Ba komai. Za a rubuta 'yar Rohyatun ce."

"Sannan ku ba ta ɗan littafin nan ta hau jirgi."

"Hutu za ta je, Iya."

"Uwarta ma shekara biyu ta ce mini." Ta goge baki da gefen mayafi. "Na ba jirgin nan 'ya ɗaya. Wannan ko a takarda ce, tawa ce, babu mai ɗaukarta sai ya tambaye ni."

Babu wanda ya yi dariya. Hairani, wadda tun safe take zaune ƙafa kan ƙafa kamar babbar mace, ta sauko daga benci ta je ta jingina da kafaɗar Inna. Alƙali ya ce shi ba zai iya tabbatar da haihuwar da ba a yi ba, ko da kakarsa ce ta roƙe shi. Amma akwai takardar da ke sa dole a tambayi mutum kafin a ɗauki yaro, kuma ba sai ka haife shi ba. Lauyarmu ta san ƙofar da ake bi.

Inna ta daɗe tana tauna. Can ta ce, "To rubuta ban haife ta ba. Amma ka rubuta na sha wahala."

Ya ce zai sa a rubuta.

Ƙofar da ake bi ɗin tana tsallaken titi, a kotun addini, domin can ake naɗa waliyyi. Na ɗauka ni za a naɗa, har na ɗinka sabon mayafi. Lauya Ningsih ta ce ana fara duba wanda ya fi kusa da yarinya kuma wanda take kwana a ɗakinsa. Wato Inna. Sai dai kafin nan dole ta kawo shaidar 'yan sanda cewa ba ta taɓa aikata laifi ba, da shaidar likita cewa jikinta da hankalinta lafiya, da alkawari a rubuce cewa ba za ta doki yarinya ba. Wajen alkawarin ta tambaya ko muciya ma duka ce. Aka ce duka ce. Ta dangwala yatsa tana ƙunƙuni.

Likitan hankali wata matashiya ce. Ta tambayi Inna sunanta, da sunan ƙauyenmu, da ranar da muke ciki, duk ta amsa daidai. Sai ta ce, "Kaka, 'ya'yanki nawa?"

Inna ta dube ni, ta dubi likita. "Kafin hukunci ko bayan hukunci?"

Likitar ta ajiye biro. Sai da na fita na kira Lauya Ningsih a waya ta yi mata bayani, sannan ta sa hannu, tana yi tana satar kallon Inna.

Aka turo wani ma'aikacin jin daɗin jama'a ya ga gidan da yarinya za ta zauna. Ya auna ɗakin da Hairani ta shekara tara tana kwana a ciki, ya leƙa rijiya, ya tambaye ta ko tana ganin za ta iya sabawa da wannan tsohuwa. Hairani ta ce za ta gwada.

Damina ta wuce, aka shuka taba, aka girbe, hutun makarantar da aka yi duk wannan fama domin shi ya zo ya wuce, maƙwabcin da zai raka ta ya tafi abinsa. Sannan kotun addini ta zauna, alƙalai uku a jere, suka damƙa Hairani a hannun Senah, kakarta ta wajen uwa, suka yi mata nasiha ta riƙe amana. Inna ta ce ta gode, za ta yi ƙoƙari. A hanyar gida babban ɗana ya sanar da Hairani cewa sarauta ta ƙare, kuma ba ta binsa komai, shi ne ke binta guga talatin na ruwan wanka.

Fasfo ya fito ranar wata Litinin. Hairani ta zagaya da shi gida-gida, har Mahnim ta ɗiga masa mai. Muka yi ta kiran Rohyatun mu gaya mata, waya a kashe. Kwana da kwanaki a kashe. Inna ta daina cin abincin kirki, ta koma zama a rumfa tana kallon hanya, matan da ke zuwa neman sirri ta kore su ta ce su je asibiti.

Wata ranar Juma'a bayan la'asar keken doki ya tsaya a ƙofar gida, wata mace ta sauko da leda baƙa guda ɗaya a hannu, da silifas wari daban-daban. Ni na fara ganinta ban gane ta ba. An kai samame gidan abincin, an kwashe marasa takardu, ta yi makonni a tsare, sannan aka sa su a jirgi aka dawo da su. Inna ta miƙe, ta koma ta zauna, ta sake miƙewa. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Kin ci abinci?"

Washegari aka raba sakamakon jarrabawa a makaranta, Rohyatun ta yi wanka ta ari mayafina sabo ta tafi karɓa. Malamar ta ba ta haƙuri, ta ce a rubuce yake, waliyyi ne kaɗai ke sa hannu. Rohyatun ta ce ita ce uwar, kotu ma ta tabbatar. Malamar ta ce ba ta musa ba, amma sai ta zo da izini daga Kaka Senah. Muka kira Lauya Ningsih, ta ce abu ne mai sauƙi, kotu za mu koma a sauke waliyyi a mayar wa uwa ikonta. Inna ta ce gwiwoyinta sun gama hawa matakalar gwamnati, duk mai son sa hannu ya zo rumfa ya same ta, kuma ya zo da ladabi.

Ita kuwa Hairani kwana biyu tana zagaye uwarta daga nesa kamar kyanwa da baƙo. Ba ta san me za ta kira ta ba. Rana ta uku Rohyatun na zaune a rumfa tana tsince shinkafa, yarinyar ta zo ta tsaya a bakin gadon gorar da take kai.

Ta ce, "A waya kin fi tsawo."

Rohyatun ta yi dariya har ta ajiye faifai, dariyar ta juye ta zama wani abu, ta goge ido da bayan hannu. Ta ce, "Zo nan in ga kan nan." Hairani ta dubi Inna. Inna ta kau da kai kamar tana neman wani abu a cikin kwandon sirih. Yarinyar ta hau ta zauna tsakanin ƙafafun uwarta.

Rohyatun ta kwance mata gashi, ta sa mataji a hankali, tana rabawa layi-layi. Can ta tsaya. Ta kama wani abu da farce ta ɗaga shi sama a hasken rana, ta dube ni, ta dubi Sahrim da ke cin ayaba a bakin rijiya, ta dubi Inna.

"Ku uku, da kotu biyu, da lauya," in ji ta, "kuma kan yarinya duk ƙwarƙwata."

Sahrim ya ce shi sashensa kai wa makaranta ne. Na ce ni abinci. Inna ta ce a miƙo mata matajin, ba haka ake riƙe shi ba.